Yadda ake haɗa sintesaiza mai jin haske da ayisi guda ɗaya

Fiyanon da ake kiɗa da shi a situdiyo, irin su Yamaha PSR, da sautukansa yake zuwa a shirye. Ka danna lamba ganga ta fito, ka danna wata sarewa ta fito, duk wani ne ya riga ya tsara ya ajiye maka. Sintesaiza ta asali ba haka take ba. Babu sautin da aka ajiye a cikinta. Wutar lantarki ce kawai take hawa tana sauka ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa guda, lasifika ta bi wannan motsi, kunne ya ji ƙara. Duk abin da zai iya sauya saurin hawan da saukar, to ya zama abin kiɗa, ko maɓalli ne, ko hasken tocila, ko zanen fensir a takarda, ko fatar yatsanka.

Tun farkon wannan fanni aka rabu biyu a kan yadda za a riƙa juya sautin. A 1920 Lev Termen ya ƙera teremin a Rasha, wadda ake kaɗa ta da hannu a iska ba tare da an taɓa ta ba. A shekarun 1960 Robert Moog ya sa wa tasa na'urar maɓallan fiyano don mawaƙa su saba da ita da wuri, shi kuwa Don Buchla a Kalifoniya ya ƙi, ya sa faifan ƙarfe da ake shafawa da yatsa. Abin da za mu haɗa a nan ɓangaren Termen da Buchla ya bi. Ba ya buƙatar soda a matakin farko, kuma batir guda ya ishe shi.

Kayan da za ka nema

Uwar aikin ita ce ayisi, wato ɗan baƙin abin nan mai jerin ƙafafu da ake gani a cikin rediyo, mai lamba CD40106. Tana da ƙafa 14, kuma a cikinta akwai ƙofofi shida, kowace za ta iya zama mai samar da sauti mai zaman kanta. Idan ka ga HEF40106 ko MC14584, aikinsu ɗaya. Amma kada mai shago ya lallaɓa ka da 74HC14 ya ce ai duk ɗaya ne. Jerin ƙafafunsu iri ɗaya ne, sai dai ita ba ta ɗaukar wuta sama da bolt 6, batir mai bolt 9 zai ƙona ta. Sayi biyu ko uku.

Sai allon gwaji, wannan farin roba mai ramuka da ake cusa kaya ba tare da dalma ba. Batir mai bolt 9 da marfinsa mai waya ja da baƙa. Kafasita ƙanana masu lamba 104 guda uku, masu 103 guda biyu, da masu siffar gwangwani na 10uF guda uku. Razista na 1k, 10k da 100k, kowanne kamar biyar (k na nufin om dubu, ma'aunin yadda razista ke tare wuta). Idan launi kake bi, dukkansu da ruwan ƙasa da baƙi suke farawa, zobe na uku ne ya bambanta su: ja 1k, ruwan lemo 10k, rawaya 100k. Bolum na 100k guda biyu. LDR biyu, wato razistan da ke jin haske, ɗan ƙaramin abu mai zanen maciji a fuska. Dayod 1N4148, ƙwan LED mai haske sosai, guntayen waya mai sili ɗaya, wayoyi masu bakin kada, da wayar aux da ba ka jin asarar yanke ta. Masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin ne wurin zuwa. LDR kuma akan same shi a cikin wasu fitilun da ke kunna kansu da dare.

Ta ƙarshe ita ce lasifika mai amfilifaya a ciki, mai ramin aux, wadda ke aiki da batirinta. Wannan sharaɗi ne, za ka ga dalili idan mun zo wurin yatsu.

Dasa ayisi da ba ta wuta

Allon gwaji yana da kwari a tsakiya. Ramuka biyar-biyar da ke kowane gefen kwarin a haɗe suke ta ƙasa, dogayen layukan da ke bakin allon kuwa na wuta ne, ɗaya fositib ɗaya negatib. Dasa ayisin ta haye kwarin, ƙafa bakwai sama, bakwai ƙasa, ɗan gurbin da ke kanta yana kallon hagu. A haka, ƙafa ta 1 ita ce ta ƙasa a hagu. Ka ƙirga zuwa dama har 7, ka hau sama ka dawo hagu daga 8 zuwa 14. Ke nan ta 14 tana saman ta 1 daidai.

Idan lokacin hunturu ne, taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka ɗauki ayisin. Wutar da ke tartsatsi a jikin riga idan iska ta bushe tana iya kashe irin wannan ayisi ba tare da ka ga alama ba.

Ja waya daga ƙafa ta 14 zuwa layin fositib, wata daga ta 7 zuwa layin negatib. Sa kafasita 104 guda tsakanin layukan biyu, kusa da ayisin, don ta daidaita wuta. Sannan ka haɗa ƙafafu na 3, 5, 9, 11 da 13 da negatib. Su ne mashigar ƙofofin da ba mu fara amfani da su ba, idan aka bar su a sake sai su riƙa tsinto hayaniya suna shan batir a banza. Kada ka sa batir tukuna.

Mai samar da sauti na farko

Abu biyu kacal ake ƙarawa. Kafasita 104 daga ƙafa ta 1 zuwa negatib. Sai razista tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2: ka fito daga ta 2 da 1k, ka shiga ƙafar tsakiya ta bolum, ka fita ta ɗaya ƙafar gefe zuwa ƙafa ta 1. Ƙafar bolum ta uku a bar ta haka nan. Aikin 1k ɗin shi ne kada ƙafafun biyu su haɗu kai tsaye idan ka murɗa bolum ya kai ƙarshe.

Ya kamata ka fahimci abin da ke faruwa a nan, domin duk sauran aikin a kansa ya tsaya. Ƙofar tana fitar da kishiyar abin da ya shigo mata. Idan babu wuta a ƙafa ta 1, sai ta saki wuta a ta 2. Wutar ta biyo ta razista tana cika kafasita sannu a hankali. Da ta kai wani mataki, wajen bolt 5 da ɗoriya, sai ƙofar ta juye, ta 2 ta faɗo sifili, kafasita ta fara amayar da abin da ta tara ta wannan razistan. Ba za ta sake juyewa ba sai wutar ta sauko wajen bolt 3 da rabi. Wannan tazara tsakanin matakin sama da na ƙasa ita ce sirrin wannan ayisi, ita ta sa ba ta tsayawa a tsakiya. Babban razista ko babbar kafasita suna jinkirta cikar, sauti ya yi kauri. Ƙanana suna hanzarta ta, sauti ya yi siriri. Da 104 da 100k za ka samu zagaye wajen 120 a daƙiƙa, da 10k wajen 1,200. Lambar takan ɗan sauya daga ayisin wani kamfani zuwa na wani.

Fitar da shi zuwa lasifika

Abin da ke fita a ƙafa ta 2 ya kusa bolt 9, ramin aux kuwa wajen bolt ɗaya yake so. Sai an rage. Ɗauko 100k daga ƙafa ta 2 zuwa wani layin ramuka da babu komai a kai. Mu kira wannan layi mahaɗa, za mu riƙa dawowa kansa. Daga mahaɗa sa 10k zuwa negatib. Daga mahaɗa kuma sa kafasita 10uF, doguwar ƙafarta a mahaɗa, gajeriyar a wani layi dabam. Yanke wayar aux, ka feƙe. Tagullar da ta naɗe sauran ita ce ke zuwa negatib, wayoyin ciki biyu ka murɗe su tare ka haɗa da gajeriyar ƙafar kafasitar.

Rage ƙarar lasifika ƙasa sosai, sannan ka sa batir. Kada ka gwada da abin kunne a karon farko, siririn sautin wannan na'ura yana huda kunne. Ɗaga ƙara kaɗan, ka murɗa bolum. Ya kamata ka ji gurnani yana hawa har ya koma fito.

Idan shiru ka ji, cire batir ka ɗora yatsa a kan ayisin. In ta yi zafi, an juya wuta ne, ko an dasa ta a baibai. In ba ta yi ba, bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Yawancin lokaci waya ce ta faɗa ramin maƙwabci, ko kuma dogon layin wuta ya yanke a tsakiyar allo, don wasu allunan haka aka yi su, sai an yi musu gada da guntuwar waya. Mita za ta nuna maka ko bolt 9 ya iso ƙafa ta 14.

Za ka lura da wani abu mai ban haushi: rabin murɗin bolum kusan duk sauti ne mai kauri, sai a ƙarshe sirara su cunkushe wuri guda. Ba lalacewa ba ce. Kafin sauti ya ninka, wato ya hau zango guda cikakke, sai razista ya ragu da rabi. Daga 100k zuwa 50k zango ɗaya ne amma ya cinye rabin murɗi, daga 50k zuwa 25k wani zangon a cikin kwata, haka har ƙarshe. Wannan matsala ce ta sa Moog ya tsara na'urorinsa a kan ƙa'idar bolt ɗaya ga kowane zango, wadda ke buƙatar ƙarin kaya masu yawa. Tamu ba ta da wannan ladabin, kuma a ganina rabin daɗinta ke nan.

Sa haske ya yi kiɗan

Cire bolum, ka dasa LDR a gurbinsa, ka bar 1k ɗin a inda yake. A cikin duhu LDR yana tare wuta sosai, daga ɗaruruwan k har ya haura miliyan. A haske mai ƙarfi yakan sauko ƙasa da 'yan k kaɗan. Saboda haka haske yana ɗaga sauti, inuwa tana sauke shi. Rufe shi ruf da yatsa, za ka ji sautin ya faɗo har ya tarwatse ya koma ƙwas-ƙwas ɗaya bayan ɗaya. Wannan wurin ya cancanci ka tsaya ka saurara: ƙasa da bugu kamar 20 a daƙiƙa kunne yana jin su a rarrabe, sama da haka sai ya haɗe su su zama murya guda.

A haka faɗin ya yi yawa, motsin hannu kaɗan sai sauti ya yi tsalle. Ga yadda ake lanƙwasa shi. Mayar da bolum ɗin, amma wannan karon a gefen LDR, wato ƙafafunsu biyu su haɗu a layuka ɗaya. Yanzu bolum ne ke yanke iyakar ƙasa, komai duhu sauti ba zai sauka ƙasa da inda ka tsayar ba. In kuma sama ce ta yi yawa, sauya 1k da 10k. Sannan ka yi wa LDR ɗin hula: yanki guntun baƙin tiyo ko murfin biro, tsawon gaɓar yatsa, ka kifa masa ta yadda daga sama kawai haske zai shiga. Wannan ɗan tiyo ya fi kowane gyara amfani, don shi ke sa hannunka ya zama mai iko, ba hasken da ke yawo a ɗaki ba.

Zauna a ɗaki mai ɗan duhu, ka rataye tocila ɗaya a sama, ka riƙa kai tafin hannu da kawowa tsakaninta da hular. LDR ba ya amsawa nan take, yana da ɗan nawa, musamman idan ana komawa duhu, shi ya sa sauti ke zamewa daga mataki zuwa mataki maimakon tsalle. Atisayen da ya fi saurin koyar da hannu shi ne ka ɗauki gajeren kirari da ka haddace, ka yi ƙoƙarin fitar da hawa da saukar muryarsa da inuwar hannunka kaɗai, har wanda ke gefe ya gane abin da kake faɗa. Bayan nan ka yi wasa yadda ka ga dama. Haska tocila ta bayan fanka mai juyawa, fukafukan su riƙa yanka hasken, za ka ji sauti yana karkarwa. Kifa fuskar waya a kan LDR ana kunna bidiyo, hoton ya zama shi ne makaɗin. Kyandir ma yana da nasa salon, harshensa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Fensir da yatsu

Cire LDR da bolum, ka sa wayoyi biyu masu bakin kada a gurbinsu. Samo fensir mai taushi, 4B ko 6B, ka zana layi mai kauri a takarda, faɗin yatsa, tsawon taƙi guda. Ka murza sosai har ya yi sheƙi. Baƙin cikin fensir yana ɗaukar wuta, amma da ƙyar. Maƙala kada ɗaya a farkon layin, ɗayan kuma ka riƙa dangwala shi a wurare dabam-dabam. In sautin ya yi kauri da yawa, sauya kafasitar ƙafa ta 1 daga 104 zuwa 103, zai ninka sau goma.

In layin ya yi daidai-wa-daida, rabin tsawonsa zai ba ka kusan zango guda sama, kamar dai yadda tsirkiyar gurmi take yi idan aka danne ta a tsakiya. Kana iya kunna manhajar saita sauti a waya, ka nemo matakai biyar da kake so, ka yi musu alama da biro a gefen layin. Sai dai alamomin ba sa daɗewa, zanen yana gogewa, batir yana raguwa, sai an riƙa sabuntawa.

Yanzu yatsu. Maƙala kowane kada a jikin kwabo ko kan ƙusa, ka ɗora yatsa ɗaya a kan wannan, wani yatsan na wannan hannun a kan wancan. Jikinka ne ya zama razista. Danna da ƙarfi sauti ya hau, sassauta ya sauka, gumi ko ɗan danshi ya ƙara ɗaga shi. A kan irin wannan tunani Michel Waisvisz ya ƙera ƙaramin akwatinsa Kraakdoos a cibiyar STEIM ta Amstadam a shekarun 1970, inda makaɗi ke taɓa ƙarfen haɗin wutar na'urar da yatsunsa. Nan ne sharaɗin nan ya shigo: batir kaɗai, a na'urar da kuma lasifikar. Kada lasifika tana jone da caja, ko janareta, ko kwamfutar da ke kan wuta, ka taɓa waɗannan ƙarafa. Mai na'urar bugun zuciya a jiki kuwa ya tsallake wannan mataki gaba ɗaya.

Ƙofa ta biyu da ta uku

Har yanzu ƙofa ɗaya muka taɓa cikin shida. Sauran a jere suke, mashiga da mafita: 3 da 4, 5 da 6, 9 da 8, 11 da 10, 13 da 12. Lura cewa a layin sama mafita ce ke da ƙaramar lamba.

Mayar da LDR, bolum da 104 a ƙofa ta farko, sannan ka cire wayar da ta ɗaure ƙafa ta 3 da negatib. Maimaita abin da ka yi: 104 daga 3 zuwa negatib, 1k da bolum tsakanin 3 da 4, sai nasa 100k daga 4 zuwa mahaɗa. Murɗa har muryoyin biyu su kusa zama ɗaya. Za ka ji wani lilo, wau-wau-wau, saurinsa yana raguwa yayin da suke matsowa kusa. Yawan lilon a daƙiƙa shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Kaurin da ake yabon Minimoog, sintesaizar Moog ta 1970, da shi, wani ɓangarensa daga nan yake, masu samar da sautinta uku ba sa taɓa daidaituwa cif.

Don samun bugu, cire 100k na biyun daga mahaɗa, ka sauya kafasitar ƙafa ta 3 da 10uF, gajeriyar ƙafa a negatib. Yanzu ƙofar tana juyawa wajen sau ɗaya a daƙiƙa idan bolum na ƙarshe, kunne ba ya jin ta a matsayin murya. Sa dayod daga ƙafa ta 4 zuwa ta 1, baƙin zobensa yana wajen ta 1. Duk lokacin da ta 4 ta saki wuta sai ta danne ƙofa ta farko ta yi shiru, in ta sauke sai sauti ya dawo. Ga bugu ya samu, hannunka yana kan haske yana juya murya. Murɗa bolum na biyu ya yi sauri, bugun zai narke ya koma wani ƙaƙƙarfan gurnani.

Akwai wata dabara da na fi so. Maimakon dayod, ja 1k daga ƙafa ta 4 zuwa doguwar ƙafar LED, gajeriyar zuwa negatib. Haɗa fuskar LED da ta LDR na biyu, ka naɗe su da baƙin salatif har haske ya kasa shiga. Dasa ƙafafun LDR ɗin a gefen bolum na ƙofa ta farko. Ƙwan yana ƙyaftawa a ɓoye, sauti yana hawa da sauka da kansa, da wannan nawar mai taushi. Irin wannan haɗi na ƙwai da LDR ne Buchla ya sa a ƙofofin sautinsa, shi ke ba su wannan amo mai kama da an ƙwanƙwasa itace.

Rage kaifi

Sautin wannan ayisi yana da tsini, domin bayan asalin muryar yana ɗauke da ninki 3, 5, 7 da sauransu. Sa kafasita 103 daga mahaɗa zuwa negatib, a gefen 10k, za ta fara danne abin da ya haura wajen 1,700 a daƙiƙa. In ka sa 104, dannewar za ta fara tun wajen 170, sauti ya dushe ya yi laushi, ƙara ma ta ragu. Wannan ita ce matata mafi sauƙi da ake da ita.

In kuma hauka kake so ba laushi ba, cire 104 ɗin da ke kan layukan wuta, ka sa bolum tsakanin jar wayar batir da layin fositib. Kana rage wutar, ƙofofin za su fara jan juna, sautuka su cakuɗe ta hanyar da ba za ka iya maimaitawa ba. Bolum na 10k ya fi dacewa a nan, na 100k yana saurin kashe ta gaba ɗaya. Ka riƙa naɗa a waya duk lokacin da kake wannan, daga baya ka yanko guntayen da suka yi kyau ka jefa a manhajar haɗa kiɗa, ka sa musu amsa-kuwwa.

Mayar da ita ta dindindin

Allon gwaji ba ya son tafiya, wayoyi suna zamewa. In ka samu tsarin da ya kwanta maka, ɗauki hotonsa, ka zana a takarda, ka mayar da shi kan allo mai layukan tagulla da ake yi wa soda. Yi wa soket mai ƙafa 14 soda, ba ayisin kanta ba, sai komai ya huce ka cusa ta. Kankare tagullar da ke ƙarƙashin soket tsakanin layin ƙafafun sama da na ƙasa, in ba haka ba ta 1 za ta haɗu da ta 14. Sa makunni a kan jar wayar batir. Gwangwanin alewa mai murfi ya yi akwati, in ka haɗa jikinsa da negatib zai ma rage hayaniya, amma ka shimfiɗa kwali a ƙasa kada bayan allon ya taɓa ƙarfe. Huda rami don bolum biyu, ɗaya don hular LDR, sannan ka fito da ƙafa ta 1 da ta 2 ta kan ƙusoshi biyu masu zoben roba a jikin murfin, domin duk abin da ka so gwadawa nan gaba ka maƙala shi a nan ba sai ka buɗe akwatin ba.